Wace maka ce ke zama a jikin farar 'yar tsanar roba?

Sabuwar Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Munny ɗina, 'yar tsanar robar nan da ake yi wa zane da hannu, ta iso jiya, mai inci 7, fara sol. Tun dare nake jujjuya ta a hannu na kasa sa mata ko ɗigo ɗaya, tsoro nake kada in ɓata ta. Don Allah abu biyu nake so a taimaka min da su. Na farko, wace irin maka, wato alƙalamin fenti, zan saya wadda za ta zauna a jikinta ba ta goge ba? Na biyu, yaya ake yi idanu biyu su fito daidai da juna a wannan kan nata mai zagaye? A takarda ina iyawa, amma da na gwada da fensir a kanta sai ɗaya ya haura ɗaya.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Posca. An gama magana.

Gwanar Layi: Barka da zuwa ƙanwata. Posca ɗin, makar nan mai fentin ruwa, amma kafin ki buɗe murfin ko ɗaya, ki kai ta gaban famfo ki yi mata wanka da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗumi.

Sabuwar Shiga: Wanka kuma Anti? Sabuwa ce fa dal, yanzu na fitar da ita daga kwali.

Gwanar Layi: Don sabuwa ce ma. Shafa yatsa a kumatunta ki ji, akwai ɗan santsi kamar maiƙo. Man da ake shafa wa mazubi ne a masana'anta don robar ta fita ba ta manne ba, ragowarsa ke nan a jikinta. Idan kika zana a kansa, fentin zai riƙa tattarewa yana yin ɗigo-ɗigo kamar ruwa a kan leda. Ki wanke, ki ɗauraye sosai, ki bar ta ta kwana ta bushe. Ruwa kan shige ta wuya da kafaɗa ya ɓuya a ciki, sai kina tsakiyar aiki ya tsiyayo miki a kan fenti.

Yaya Babba: Ƙanwata, kafin ki kashe kuɗinki bari in ba ki labarin abin da ya same ni, don har yau idan na tuna sai raina ya sosu. Ki yi haƙuri da tsawonsa.

Ta farko da na taɓa yi, ita ma mai inci 7 ce, 'yata na yi wa. Ta ce kifi take so, mai ɓawo-ɓawo tun daga kai har ƙafa. Na je sayen maka, na tarar da iri biyu, mai ruwa da mai mai. A jikin mai mai ɗin an rubuta tana kama ƙarfe da gilashi da roba, ba ta gogewa, ruwa ba ya wanke ta. Na ce ai wannan ce ta dace, tunda abin yarinya ne zai sha taɓawa. Na ɗauko kala shida.

Ranar farko ba za ki ce akwai wata matsala ba. Shuɗin nan ya kwanta lumui yana sheƙi, ko layin bakin maka ba a gani. Na yi kusan sati uku ina zama a kanta kullum da dare bayan na dawo aiki, ɓawo ɗaya-ɗaya nake zanawa, kowanne da ɗan farin ɗigo a tsakiyarsa. Tun a satin farko na lura idan na riƙe ta hannuna yana ɗan kamawa, na ce ƙila don ina ƙara fenti kullum ne, idan na gama zai bushe gaba ɗaya. Na gama, na ɗora ta a kan kanta na ce a ba ta kwana uku. Kwana uku, danƙo. Sati ɗaya, danƙo. Na sa ta gaban fanka, na kai ta bakin taga, duk ba abin da ya canza sai ƙura da ta fara kwanciya a jikinta. Ƙurar nan kuma ba irin wadda ake hurewa ba ce, nutsewa take cikin fentin. Zaren tawul, gashin mage, komai ya ratsa ta wajen sai ya maƙale.

Daga nan na ƙara kuskure a kan kuskure. Wani ya ce in fesa mata feshin kariya marar kala na gwangwani zai rufe danƙon. Na sayi na gama-gari, irin wanda ake fesa wa katako da ƙarfe, na fesa mata da kauri don in tabbatar ya rufe. Washegari ta fi da muni. Idan na danna babban yatsa a bayanta sai zanen yatsan ya fito raɗau ya zauna. Ranar da zan ba yarinyar ta zo, na naɗe ta a takarda mai laushi na sa a kwali, ina fata. Da ta buɗe, takardar ta manne a fuskar kifin, aka ja ta tafi da rabin ɓawon. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya tana kallon abin, ta ce Baba ko za a iya gyarawa. Wannan tambayar ce ta fi komai yi min ciwo.

Na kwashe kwana biyu da auduga da sifirit da ruwan goge farce ina kankarewa. Fentin ya fita, amma shuɗin ya bar tabo a cikin robar kanta, fari bai dawo fari ba. Saboda haka shawarata ɗaya ce tak: duk makar da aka rubuta wa mai a jiki, ko kika buɗe kika ji warin sinadari mai hawa kai, kada ta kusanci roba mai laushi. Mai ruwa kawai. Kuma ko mai ruwan ce, ki fara ɗiga ta a tafin ƙafar 'yar tsanar inda ba a gani, ki bar ta kwana uku ki taɓa ki ji.

Uwar Biyu: Allah sarki. Wallahi na ji tausayin yarinyar nan.

Ɗan Auta: Yaya, to an sake yi mata kifin?

Yaya Babba: An sake, a kan wata sabuwa. Tana nan a ɗakinta, shekara ta huɗu ke nan, ko ɗan kamawa ba ta yi.

Injiniya: Abin da ya sami Yaya ba laifin hannunsa ba ne, kuma ba wai makar lalatacciya ba ce, a kan ƙarfe da ta bushe cikin minti kaɗan. Robar waɗannan 'yan tsanar PVC ce. Ita PVC a asalinta tauri gare ta, irin ta bututun ruwa. Don ta yi laushi ake cakuɗa ta da wani sinadari mai kama da mai, kuma shi wannan sinadarin ba a ɗaure yake a cikinta ba, yana iya tasowa. Idan aka ɗora fenti mai mai ko mai narkakken sinadari mai ƙarfi, sai ya jawo shi sama ya gauraya da fentin, fentin ya yi laushi ya zauna a haka. Shi ya sa jira ba ya magani, ko shekara za a yi. Yawancin feshin gwangwani na gama-gari ma haka yake yi, shi ya sa na biyun ya ƙara dagula abin. Fentin akirilik mai ruwa kuwa, ruwan ne ke tashi ya bar fata a sama, ba ruwansa da abin da ke cikin robar.

Mai Buroshi: Duk wannan wahalar don an ƙi koyon riƙe buroshi ne. Kwalbar akirilik da buroshi biyu masu kyau sun fi jakar maka. Da maka ba ka iya haɗa kala, ba ka iya sa haske ya narke cikin duhu, komai sai ya fito falan-falan kamar tambarin kamfani.

Ɗan Auta: Ga Malam ya iso da wa'azinsa. Tambayar maka aka yi fa.

Mai Buroshi: Ɗan Auta, kai da ka yi guda biyu kacal kake cewa an gama magana?

Ɗan Auta: Uku ne, ta ukun tana bushewa.

Gwanar Layi: Malam, falan-falan ɗin nan ai shi wasunmu ke nema. Dubi Dunny, 'yan tsanar robar da kamfanin Kidrobot ke fitarwa tun 2004, mafi yawansu kala ce shimfiɗe da baƙin layi mai kaifi, don masu zanen bango da masu zanen barkwanci ne suka fi yin su. Munny kuwa da Kidrobot ta fito da ita a 2005, an bar ta fara ne musamman don kowa ya yi abin da hannunsa ya iya. Wanda ya saba da biro, maka ta fi masa sauƙin sarrafawa a kan abu mai lanƙwasa. Kuma ana haɗa kala da ita, ka danna bakin a kan faranti fentin ya taru, ka ɗiba da buroshi.

Mai Buroshi: To kin ga an dawo buroshin ke nan.

Baban Zaure: Malam da Ɗan Auta, wannan gardamar mun yi ta a watan jiya har aka goge saƙonni. A taimaka wa baƙuwa tukuna.

Sabuwar Shiga: Na gode ƙwarai. Yaya Babba, da ba ka yi magana ba da mai mai ɗin zan ɗauko, don ita ma na ga an rubuta roba a jikinta. To Posca ɗin wace lamba? Na ga suna da yawa.

Gwanar Layi: Uku sun ishe ki farawa. PC-5M don cike wuri, bakinta tsakanin milimita 1.8 zuwa 2.5. PC-3M don yawancin zane. Sai PC-1MR mai milimita 0.7 don siririn layi, ita baƙa da fara kawai za ki saya. PC-8K mai faɗin milimita 8 tana da amfani idan za ki rufe kai gaba ɗaya da kala ɗaya, amma a mai inci 7 ba dole ba ce.

Mai Hula: Ni Molotow One4All nake amfani da ita. Ana ƙara mata fenti idan ya ƙare, ana canza mata baki, kuma a hannuna ta fi riƙe roba bayan ta bushe.

Ɗan Auta: Ita ma mai ruwa ce?

Mai Hula: Akirilik ce mai ruwa, ta Jamus. Posca kuma ta Japan.

Gwanar Layi: Duk wadda kika ɗauka, ga abin da ba a rubutawa a kwali. Ki girgiza ta da murfinta a rufe har ki ji ƙwallon ciki yana ƙara. Ki danna bakin a kan takarda har fenti ya sauko, kuma duk lokacin da ya yi ƙasa ki koma takardar. Kada ki taɓa danna ta a jikin 'yar tsana, fentin zai kwararo lokaci ɗaya ya gangara. Shafar farko za ta fito da zane-zane, kina hango farin ta ƙasa, musamman rawaya da ruwan lemo. Kada ki koma ki bi ta kansa yana ɗanye, bakin makar zai kwashe wanda kika sa ne ya bar rami. Ki bar shi ya bushe, ki sake shafawa a gicciye. Sau biyu ko uku sirara ya fi sau ɗaya mai kauri, mai kaurin tsagewa yake idan robar ta lotsa. Kala mai haske a fara da ita, baƙin layi shi ne na ƙarshe.

Uwar Biyu: Tunda ana maganar maka, ni ma ga tawa. Ƙaramin nawa ya samu irin baƙar makar nan da ake rubutu a jikin kwali wadda ba ta gogewa, ya zana wa ta yayansa gashin baki. Na goge da sifirit, baƙin ya tafi amma ya bar wani shunayya-shunayya. Na rufe da farin fenti sau uku, bayan sati biyu ga gashin bakin nan ya sake lekowa ta cikin farin. Me zan yi?

Injiniya: Anti, ita wannan ba fenti ba ce, rini ce. Fenti a sama yake zama, rini kuwa shiga cikin robar yake, kuma yana ci gaba da tafiya, ya yi ƙasa ya yi gefe ya taso ta cikin duk abin da aka ɗora masa. Masu tara 'yan tsana suna cire irin wannan tabo da man ƙurajen fuska mai benzoyl peroxide kashi 10. A shafa a wurin kawai, a rufe da leda, a ajiye a rana, a wanke a sake. Yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni. A farar roba ba damuwa, amma mai kala yana iya koɗar da ita. Sai kin kankare farin da kika sa tukuna, kuma ki ajiye ta inda yaran ba za su kai hannu ba har a gama.

Ɗan Auta: Ko kuma a bar masa gashin bakinsa a ƙara masa gemu, a ce dattijo ne.

Uwar Biyu: Yayan ba zai yarda ba, ɗan sama jannati yake so.

Malam Shiru: Ina bin ku.

Mai Buroshi: Ba wanda ya yi maganar shimfiɗa. Wanka kaɗai ba ya isa. A bi jikinta da sanfefa mai laushi, lamba 400 zuwa 600, a hankali, har sheƙin ya mutu. A share garin, sannan a shafa jeso, wato farin fentin shimfiɗa, siriri sau biyu. A kan wannan fenti ke samun abin riƙewa. In ba haka ba farce ɗaya zai ɓare miki aikin sati.

Ɗan Auta: Ni ban taɓa sa jeso ba, kuma ba abin da ya ɓare.

Mai Buroshi: Don a kan kanta suke ba mai taɓa su. Kankara da farce a bayan kunne ka turo mana hoto.

Ɗan Auta: Haka kawai in kankare abina?

Gwanar Layi: Ni a tsakiya nake. Munny jikinta ba ya sheƙi sosai, tana karɓar maka bayan wanka ko ba shimfiɗa, musamman idan za a yi feshin kariya a ƙarshe. Farar 'yar tsanar Funko Pop da ake yi wa zane da hannu na fi jin daɗinta idan na ɗan bi ta da sanfefa. Abin da ya sa ba na son jeso da buroshi, yana barin layi-layi, kuma kaushinsa yana cin bakin siririyar maka, sai ka ga bakin ya yi gashi. Idan za a sa, a ɗan tsinka shi da ruwa, bayan ya bushe a sake lallashinsa da sanfefa.

Mai Hula: Bakin da ya yi gashi ko ya sha wata kala, a zare shi a wanke da ruwa a mayar. Wasu lambobin ma ana juya shi a yi amfani da ɗaya gefen.

Sabuwar Shiga: Na rubuta duka. Saura maganar idanun don Allah.

Mai Hula: Af, kafin in manta, ki cire kai da hannuwa kafin ki fara, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Sabuwar Shiga: Suna fita? Na ja kan na ji kamar zai yage.

Yaya Babba: Kada ki ja shi da sanyi. Ki hura masa iskar diraya ta busar da gashi a wuya kamar minti ɗaya, ko ki tsoma wurin a ruwan zafi, robar za ta yi laushi ya fita ba gardama. Wajen mayarwa ma haka, amma da diraya, ba ruwa ba, tunda akwai fenti a lokacin. Kuma kada ki sa fenti a cikin gaɓar inda kai ke juyawa, gogewa zai yi ya tara gari.

Gwanar Layi: Ki soka kan a jikin sanda ko tsohuwar maka ki riƙe ta nan. Maiƙon yatsa yana hana fenti kama roba kamar yadda man mazubin ke yi.

Baƙo Daga Nesa: Sallama. Ni Bearbrick gare ni, 'yar tsana mai siffar beyar, da nake so in goge zanen jikinsa in yi nawa. Na ji Yaya Babba ya ambaci ruwan goge farce, zai yi?

Injiniya: Tsaya, kada ka sa. Bearbrick ba irin robarsu ɗaya ba, shi ABS ne mai tauri, kuma asiton da ke cikin ruwan goge farce narkar da ABS yake, zai bar maka jikin a kwaɓe. PVC mai laushi tana jure shafa ɗaya da sauri idan aka wanke nan take, ita ma ba a jiƙa ta a ciki. Naka sanfefa za ka bi shi da ita ka yi shimfiɗa a kai.

Baƙo Daga Nesa: Kai, Allah Ya saka. Audugar tana hannuna wallahi.

Ɗan Auta: Mai girman nawa ne? Idan ƙaton nan na 1000% ne ka kawo in riƙe maka.

Baƙo Daga Nesa: Ina fa, ɗan ƙaramin ne mai santimita 7.

Uwar Biyu: Ni feshin ƙarshen nan ne ke ba ni tsoro bayan labarin Yaya. Ba za a iya shafa na kwalba da buroshi ba?

Gwanar Layi: Anti, a nan na taɓa yin nawa kukan. Na gama wata mujiya, idanunta kaɗai sun ci min dare biyu, zobe cikin zobe, rawaya da ja da baƙi. Na ɗauko man kariya na kwalba mai ruwa, na tsoma buroshi na ja sau ɗaya daga goshi zuwa baki. Baƙin ya biyo buroshin ya ratsa rawayar kamar hawaye. Na tsaya da buroshin a hannu na kasa motsi. Abin da ban sani ba a lokacin, fentin maka mai ruwa idan yana kan abin da ba ya tsotsa, danshi yana sake tayar da shi ko da ya yi kwanaki da bushewa. Tun daga ranar, shafar farko kullum feshi ce, sama-sama kamar raɓa, daga nesa da kamar santimita 25 zuwa 30, hannu yana tafiya ba ya tsayawa. In bar shi ya bushe, in ƙara sau biyu. Bayan nan idan ina son ido ya yi sheƙi sai in ɗiga masa na kwalba da ƙaramin buroshi, a lokacin fentin ya riga ya rufu.

Uwar Biyu: Wane feshin kike amfani da shi?

Gwanar Layi: Mr. Super Clear marar sheƙi. Shi masu zana fuskar 'yan tsana suka fi riƙewa, don yana bushewa ƙarau a kan roba mai laushi.

Injiniya: Amma a yi shi a waje, da takunkumi mai matatar sinadari, ba na ƙyalle ba. Ba abin wasa ba ne ga huhu, kuma yara su yi nisa. A guji ranar da iska ke da danshi sosai, yana sa shi ya yi fari-fari kamar hazo a kan baƙin fenti.

Mai Buroshi: Kuma a bar fentin ya kwana ɗaya ko biyu kafin feshi. Bushewar sama daban, ta ciki daban.

Ɗan Auta: Yau dai ni da Malam mun yarda da abu ɗaya.

Mai Buroshi: Saura jeso.

Mai Hula: Wani ya taɓa ƙara ƙaho ko kunne? Ina so in yi wa tawa ƙahon rago, na sayi yumɓun roba na Super Sculpey amma na ga sai an gasa.

Yaya Babba: Ana gasa shi a digiri 130 na Salsiyas, minti 15 ga kowane kaurin milimita 6. Matsalar ita ce kan roba fanko ne, zafi yana sa shi ya yi laushi ya lotsa, idan ƙahon da nauyi sai ya ja shi gefe. Ni na koma irin mai haɗi biyu, Milliput ko Apoxie Sculpt. A murza su tare, a gina, ya daskare da kansa ba wuta. Milliput cikin awa uku zuwa huɗu ya yi tauri, ɗayan a ba shi kwana guda. Ka huda kan ka sa 'yar waya a ciki ta zama ƙashin ƙahon, in ba haka ba faɗuwa ɗaya zai ɓalle. Shi kam dole a yi masa shimfiɗa kafin maka, don kalarsa da ta robar ba ɗaya ba ce.

Mai Buroshi: Kun ji ko.

Ɗan Auta: A kan ƙaho aka ce Malam, ba a kan jiki ba.

Mai Hula: Idan kan ya yi nauyi ba za ta riƙa kifewa ba? Dama kan ya fi jikin girma.

Yaya Babba: Za ta kife. Tunda ka cire kan, ka zuba wani abu mai nauyi a cikin ƙafafun ka toshe da ragowar haɗin.

Malam Shiru: Wannan dabara ce.

Uwar Biyu: Injiniya, man ƙurajen nan a bar shi ya bushe a kai ne ko a riƙa ƙarawa?

Injiniya: Ledar ce ke hana shi bushewa. Kullum ki wanke ki duba, ki sa sabo.

Baban Zaure: Masu turo hotunan aikin wannan watan, a rubuta irin makar da irin feshin a ƙasan hoto, kada a sa mutane tambaya ɗaya-ɗaya.

Ɗan Auta: Ta ukuna tana zuwa gobe, ba jeso.

Mai Buroshi: Ka haɗo da hoton bayan kunnen.

Sabuwar Shiga: Na yi mata wankan, santsin ya tafi, yanzu har ƙara take idan na murza yatsa. Kan ma ya fita da diraya kamar yadda Yaya ya ce. Na samu aron maka biyu masu ruwa wajen ƙawata, na ɗiga ja da baƙi a tafin ƙafar hagu, a ta dama kuma na fara bi da sanfefa kafin in ɗiga, in ga wanda zai fi jure farce nan da kwana uku. Sai dai har yanzu idan na girgiza jikin ina jin ruwa a cikin ƙafa ɗaya, in kifa ta ne ko in hura mata diraya?

Gwanar Layi: Kifa ta a kan tawul, wuya a ƙasa, ki bar ta har gobe.